Mushe Biyu a Aljihun Mijinyawa

Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu na shekarar 2025, aka fara zaluntata, ko da yake a lokacin ban san an fara ba. A ranar ce maƙwabcina Mijinyawa, dillalin bisashe, ya sauko daga motar Maradi da wayoyi uku da tabulet biyu, sanye da wata falmaran mai aljihu biyar da ya sa tela ya ɗinka masa musamman dominsu.

Sunana Tanimu, amma a Dakoro ba mai kirana da shi. Na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma kamar kowane malamin lakwal a ƙasar nan, Mushe ake ce mini. Na ajiye alli, sunan bai ajiye ni ba. Liman Mushe yake ce mini. Matata Halimatu ma, in ranta ya ɓaci, Mushe take cewa. Ba ni da gidan bene, ba ni da garke. Wannan sunan shi ne abin da na tara.

Shi kansa Mijinyawa ya zauna a ajina yana yaro. Ya koyi haruffa, amma bai taɓa shiri da aya ko waƙafi ba, har ranar da ya bar benci ya bi mahaifinsa kasuwa.

Da la'asar ɗin ranar ya zo fadarmu ta ƙarƙashin dogon yaro, inda muke shan shayi, ya jera kayansa a kan tabarma kamar mai tallar turare.

"Jama'a, ku matso ku ga sistem," in ji shi. "Abin da ke kashe mutanenmu shi ne haɗa komi wuri guda. Kana gaida surukinka, sai ga hoton tunkiya ya faɗo. Ni na raba. Kowane aiki da ministansa."

Ya ɗaga baƙar waya. Ita ce ministan iyali: matarsa Furera, ɗiyansa da surukai. Mai fasasshiyar fuska ita ce ministan lokaci, ba komai cikinta sai agogo, kalanda da tocila. Ƙaramar ita ce ministan nishaɗi, ta kallon kokowa da jin kiɗa. Tabulet ta farko ministan bisashe ce, a nan gurup ɗin dillalai yake, domin a cewarsa bajimi ba ya shiga ƙaramar waya sai ƙahonsa ya yanke. Ta biyu kuma ministan jama'a, mai gurup ɗin unguwa da manhajar lokutan salla.

Liman Abdurrazak ya juya tabulet ɗin biyu a hannunsa ya ce, "Waɗanga ai tagwaye ne. Ƙaƙa kake gane Hasana da Usaina?"

"Sauƙi, Liman. Aljihun dama bisashe, aljihun hagu mutane."

Na ce, "Bisashe ka ba dama, mutane hagu?"

"To Mushe, wa ke ciyar da wani?" Ya gyara falmaran. "Kuma daga yau na bar tura murya. Tura murya na ƙauyawa ne. Babban mutum rubutawa shike."

"In za ka rubuta, ka rubuta da kyau."

"Yadda aka koya mini zan rubuta," in ji shi. Aka yi dariya. Ni ban yi ba, kuma ina so a san da wannan ma.

Tun a zaman nan gwamnatin ta fara tangal-tangal. Liman ya tambaye shi ƙarfe nawa. Ya cusa hannu ya zaro waya, ya latsa, sai gangar ƴan kokowa ta ɓarke. Ya mayar, ya zaro wata, Furera ta amsa tana cewa, "Mi kuma?" Kafin ya gano ministan lokaci, ladan ya kira magariba, kowa ya san ƙarfe nawa.

Ba a jima ba akuyarsa ta haura katanga ta faɗa wa zogalen da Halimatu ta yi shekara tana ban ruwa. Na kira lambar da nake da ita.

"Mushe, wanga layi na iyali ne," in ji shi. "Kai maƙwabci ne. Rubuto ta ministan jama'a."

Na rubuta, da gaisuwa da aya da komai. Amsa ta zo cewa tunda maganar akuya ce, hurumin ministan bisashe ne. Ni kuwa ba na cikin gurup ɗin dillalai. Na tako zuwa ƙofarsa, katanga guda ce tsakaninmu, na same shi zaune yana goge gilashin waya da gefen riga.

"Mijinyawa, akuyarka na cikin zogalena."

"Bon. Maganar baki da baki ban naɗa mata minista ba tukuna."

Sanda Halimatu ta kori akuyar da muciya, ba abin da ya rage sai kara.

Ko Furera ba ta tsira ba. Ta katanga muka ji ta tana tambayarsa a waya yaushe zai dawo ta ɗora tukunya. Ya ce mata ita tana cikin waya ɗaya, lokaci yana cikin wata, ta yi haƙuri ba ya haɗa ma'aikatu. A ranar, na tabbata, gari ya jiƙa ya sha.

Duk wannan na haƙura. Abin da ban haƙura da shi ba ga shi.

Wata Laraba na tafi sunan ɗan wani tsohon ɗalibina a wani ƙauye kan hanyar Azagor. Na ce wa Halimatu da yamma zan dawo. Babur ɗin ɗan kabu-kabun da ya kai ni ya ƙi tashi, garin kuma babu rezon waya ko ɗigo, sai na kwana can. A wannan ranar ce wani tsohon sa na Mijinyawa ya faɗi a bayan gari ya mutu kafin a kai masa wuƙa. Makiyayinsa, Intalla, ya aiko masa da labari washegari da sassafe. A wannan safiyar ce kuma Furera ta wanke falmaran, ta shanya ta bushe, ta mayar da kayan aljihunan yadda Allah ya nufa.

Mijinyawa ya sa hannu a aljihun dama, ya zaro tabulet, bai sa tabarau ba, ya buɗe gurup ɗin da ke sama, ya rubuta. Na kwafe saƙon harafi da harafi, ban ƙara masa ko waƙafi ba:

"Salamu alaikum jamaa Mushe ya kwana bayan gari hanyar Azagor ya kumbura har ya fara wari mai amalanke ya taimaka mu ja shi a turbuɗe kahin azahar dama ya tsufa ba haƙori abinci kawai shike ɓatawa"

Gurup ɗin unguwa ya tura wa.

Bari in yi bayani, tunda bayani aikina ne. A baki, kunnen kowane Bahaushe yana raba mushen da ungulu ke ci da Mushen da ke koyar da yara. Ɗaya murya ta sauka, ɗaya ta tashi ta faɗo. A rubuce kuwa haruffa biyar ne iri ɗaya. Da ya tura murya kamar ƙauyawan da ya raina, da ba wanda ya ruɗe. Da ya rubuta kalmar sa, haruffa biyu kacal, da an wuce wurin. Bai yi ko ɗaya ba. Na'urar kuma ta ɗora masa babban baƙi a farkon kalmar, shi ke nan ta zama sunana.

Aka ruga gidana aka tambayi Halimatu ina nake. Ta ce na bi hanyar Azagor tun jiya ban dawo ba, wayata kuma ba ta shiga. Ba a ƙara tambaya ba. Aka shimfiɗa tabarmi.

Shi kuwa gogan yana zaure yana jiran amalanke, ya baje ministocinsa a gabansa, sai ɗaya ta fara ƙara ba tsayawa. Ya ɗauka ya ga saƙonni na zubowa: Allah ya jiƙan Mushe, Allah ya sa ya huta. Bai ja sama ya ga mafarin zancen ba. Ya saki salati, ya jefa ta aljihun hagu inda ya saba ajiye ta, ɗayar kuma dama, ya fito da gudu. Waɗanda suka halarta sun shaida mini cewa duk zaman makokin ba wanda ya kai shi kuka.

"Ubanmu ya tahi!" yake cewa. "Duk ajin nan ni ya fi so. Jiya-jiya shike ce mini, Mijinyawa, kai kaɗai ka gaji ilimina." Ya share hawaye. "Kuma kun ga amfanin sistem? Nan take labari ya iske ni a ma'aikatar da ta dace."

Mutane suna ta kallonsa. Wasu sun ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa masa kai har ya rubuta abin da ya rubuta. Liman ya dafa shi ya ce, "Mijinyawa, kai da ka gano shi, tashi ka kai mu inda shike."

"Ni? Ni ma yanzu nike ji."

Ana cikin haka na sauka daga kan babur a bakin layi, ƙura har gira, riƙe da ƙullin naman suna. Na ga taro a ƙofar gidana, na ɗauka Halimatu ce. Na yi sallama da ƙarfi na ce, "Wa ya rasu?"

Ban taɓa ganin dattawa sun tashi da sauri haka ba. Mai shayi ya bar butarsa a kan wuta. Wani tsoho da muke kaiwa masallaci a kafaɗa ya tsallake kwata. Liman bai gudu ba, gaskiya, amma ya koma bayan dogon yaro yana karanto abin da ya sawwaƙa. Mijinyawa ya so tashi, nauyin ministoci ya mayar da shi zaune.

Halimatu ta leƙo daga zaure, idanunta jajur. Ta dube ni sama da ƙasa, ta matso, ta shinshina kafaɗata.

"Mi kike yi haka?"

"An ce ka fara wari."

"Wa ya ce?"

Hannuwa suka miƙo mini wayoyi daga kowane gefe. Na sa tabarau na karanta a tsaye, har ƙarshe, sannan na sake karantawa. Na juya.

"Mijinyawa."

"Na'am, Mushe. Sannu da dawowa, Mushe. Wallahi mun ji rashinka."

"Lambar wa ce wannan?"

Ya leƙa. Bakinsa ya buɗe. "Ai wanga... ai na sa ne! Tsohon sana! Ma'aikatar bisashe na tura ma."

"Ni ne ba ni da haƙori?"

"Sa, Mushe."

"Ni ke ɓata abinci?"

"San dai."

"Ina kalmar sa a cikin rubutun nan? Nuna mini da yatsa."

"Ai kowa ya san nufina."

"Kowa ya san nufinka shi ya sa aka aika a tono mini kabari?"

Liman ya fito daga bayan itace ya ce a yi maza a tsayar da masu tono, sannan a gyara magana a gurup kafin ta kai Maradi. Wata mata ta ce ai ta kai, ɗiyata Rahinatu ma tana cikin mota.

Nan Mijinyawa ya miƙe ya gyara falmaran, ƙarfinsa ya dawo. "Ku kwantar da hankali. Sistem ya yi kuskure, sistem zai gyara. Tunda ta aljihun dama ce ta aika wa mutane ɗazu, ita zan ɗauko."

Ya manta cewa da hannunsa ya mayar da kowace mazauninta. Ta aljihun dama yanzu ta dillalai ce. Na ce masa ya sa tabarau. Ya ce ya bar su a gida, kuma ministansa ya san muryar yatsansa. Ya rubuta, ya karanto mana da alfahari:

"Jamaa a yi haƙuri Mushe ya tashi ga shi tsaye da ƙahwahunsa a unguwarmu lahiya lau har ya hi da ƙiba mai shakka ya zo ya gani da idonsa"

"Wala!" in ji shi. "An gama."

Muka jira. Ba wayar da ta yi ƙara a cikin taron. Ya ce rezo ne. Masu gaisuwa kuwa ba su daina zuwa ba, kowa ya shigo layin da salati, ya gan ni zaune, ya tsaya cak. Wasu sun rasa abin cewa suka yi mini gaisuwar rashina. Ɗaya ya ce, "Allah ya ba ka haƙurin kanka, Mushe." Na amsa, don ba laifinsa ba ne.

Dillalai kuwa sun san da mutuwar san, don Intalla ya bi ta kasuwa da safe yana neman mai taya shi ja. Da saƙon ya iske su, kasuwar bisashe ta watse. Sai ga su a bakin layinmu, wasu a babur, wasu a ƙafa, Nafi'u mahauci a gaba da igiya a kafaɗa. A bayansu akwai wani ma'aikacin hukumar kiwo da ya ji ana shirin sayar wa mutane naman da ba a yanka ba.

Nafi'u ya tsallake tabarmi yana haki. "Ina mushen da ya tashi?"

Yaran unguwa, da zuciya ɗaya, suka nuna ni.

Nafi'u ya dube ni. Ba zan ce da gangan ya yi ba, sabo ne na sana'a, amma daga wuya ya fara kallona ya gangara zuwa cinya.

"Ba wanga ba," in ji shi. "Mai ƙaho."

"Nafi'u," na ce, "ni na koya maka lissafi."

"Gafara, Mushe. An ce mana har ya yi ƙiba."

Ma'aikacin kiwo ya matso ya ce shi bai san wasa ba, a fito da dabbar ya duba ta, in ta tabbata mushe ce a ƙone ta nan take. Halimatu ta ji kalmar ƙonewa daga zaure, ta fito da muciya ta ce duk wanda ya taɓa mijinta sai ya bi ta kanta. Liman na ƙoƙarin bayani, masu tonon kabari suka dawo da magirbi a kafaɗa suna tambaya a rufe ramin ko a bar shi. Sai ga Intalla, rawaninsa ya rufe har hanci, ya ratsa taron ya tsaya gaban ubangidansa.

"Mijinyawa, tun sahe nike korar ungulu ni kaɗai. Ina amalanke?"

"To ba ka ga saƙo ba? Ai ya tashi," in ji wani dillali.

"Wa ya tashi? Yanzu na baro shi, ƙafa huɗu sama."

Nafi'u ya juya. "To wane ne ya mutu, wane ne ya tashi?"

Kowa ya dubi Mijinyawa. Ya ɗaga hannu zai yi jawabi, sai falmaran ta kama ruri. Surukansa na kira ta aljihu ɗaya, dillalan Tagriss na tambayar farashin san mu'ujiza ta wani, tsofaffin ɗalibaina na turo addu'a ta na uku. Ya zaro wannan ya ce, "Ba hurumina ba ne," ya zaro waccan ya ce, "Allah ya jiƙansa, a'a, shina nan." Gwiwar hannunsa ta danne ministan nishaɗi, gangar kokowa ta cika wurin makoki. Ministan jama'a kuma, wadda ashe tun daga kanti take bin lokacin wata ƙasa, ta kwarara kiran sallar magariba rana na tsaka. Ya sunkuya zai kashe ta, ɗinkin aljihu ya ɓalle, ministoci biyu suka zube cikin kwanon fura da aka kawo sadakata.

Furera ta leƙo ta katanga ta ce, "In kun gama da shi ku turo mini falmaran ɗin in sake wankewa."

Jama'a suka yi dariya har da masu riƙe ciki. An ce mini har yau ana ba da labarin a tasha. Ni ga abin da ya same ni.

Rahinatu ta iso da yamma muryarta a dishe, ta yi kuka tun daga Maradi. Tsofaffin ɗalibaina sun yaɗa hotona da rubutun ta'aziyya mai kuskuren nahawu har biyu, kuma har yanzu yana yawo. Mai gyaran takalmi ya ba da takalmana da na kai masa gyara sadaka. Mafi muni, sunan ya lalace. Yara in sun gaishe ni sai su sauke muryar da gangan su toshe hanci su ruga. A kasuwa ina wucewa wani zai ce, "A kawo amalanke." Manya kuma, don gudun kuskure, sun koma ce mini Malam Tanimu, kamar baƙon da ya sauka jiya.

Na aika Liman ya gaya wa Mijinyawa ya ba ni haƙuri. Amsar da ya kawo ita ce wai ya yarda ya yi kuskure, amma ban-haƙuri bai faɗa ƙarƙashin kowace ma'aikata ba, yana shirin zuwa Maradi ya sayo waya ta shida.

Saboda haka nake rubuta wannan, mai unguwa da dattawa da duk wanda ya zauna kan tabarmar makokina su zama shaida. Ba na son zogale, ba na son takalma. Abin da nake nema shi ne ranar kasuwa mai zuwa, da hantsi, sanda kasuwar bisashe ta cika, Mijinyawa ya hau kan amalanke ya faɗa da ƙarfi cewa san ne ya mutu, san ne ya kumbura, san ne ba shi da haƙori, kuma Mushe Tanimu na nan da ransa da haƙoransa, bai taɓa cin abincin kowa ba. Ya kira sunana da muryar da ta dace, in ya kauce ya sake, ina tsaye a gabansa ina saurare kamar yadda na saba. Sannan ya ce, "Na yi laifi, Mushe, ka yafe mini."

Ba a rubuce ba. Da baki. Shi ne kaɗai abin da yake da guda ɗaya, ba zai ɗauko na bisashe bisa kuskure ba.